Famfo Ɗaya, Mota Biyu

Ranar sunan jikana ɗan Aminu na ji ɗayanku a ƙofar gida yana ba abokansa labarina, yana ta ƙara gishiri. Wai babansu ya yi shekara talatin yana gyaran motocin yaƙi ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma da ba don ciwon baya ba da har yanzu yana garejin bariki. Ina zaune a zaure ina ji. Ciwon bayan gaskiya ne, yanzu haka da matashi biyu na tokare shi nake wannan rubutu. Amma ba shi ya fitar da ni daga aiki ba. Na gaji da ɗaukar yabon da ba nawa ba, ga shi mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta riga ni tafiya, babu sauran wanda shiruna yake karewa. Don haka ku zauna ku karanta wannan babin, kada wanda ya tsallake shi.

Ku kun saba ganin motocin soja ne ranar fareti, an wanke su an goge, igwa tana bin bayan babbar mota kamar akuya a igiya, yara suna tafi. Ni ta ƙasa na san su, ina kwance a rigingine baƙin mai yana ɗiga min a ido. Motocin sulken da muke da su a lokacin yawancinsu sun girmi direbobinsu. Wata daga wannan ƙasa aka sayo ta, wata daga waccan, notin wannan ba ya shiga na waccan, sifanar da ta kwance ɗaya ba ta kwance ɗayar. Ka nemi kayan gyara a sito a ce maka suna hanya. Hanyar nan kuwa har na bar aiki ban ga ƙarshenta ba. Saboda haka a bayan gareji muna da wani fili da muke kira maƙabarta, inda matattun motoci suke jere ciyawa ta fito ta cikinsu. In mota mai rai ta rasa wani abu sai mu je can mu kwanto na matacciya, wannan shi muke ce wa yanka. Ka yanka uku ka tashi ɗaya. A nan na yi suna, ban ƙi a faɗa ba. In na kara sukudireba a jikin injin na sa kunne a ƙotarta, zan gaya maka abin da yake damunsa kafin ka gama gaishe ni.

Akwai doka ɗaya a garejin, ba a rubuce take ba amma ko sabon kurtu ya san ta. In sabon kaya ya zo, kuma bai isa kowa ba, motar da za ta shige gaba a jerin gwano ita ake sa wa. Muna ce mata amarya. Dalilin a fili yake: hanyoyin daji ƙunci gare su, in ta gaba ta tsaya duk na baya sun tsaya, kuma ita ce take fara shan wuta. Ni da bakina na koya wa makanikai da yawa wannan doka, har na taɓa marin wani a kanta.

A shekarar da nake ba ku labari, rikicin gabas ya yi zafi, kullum jirage suna tashi daga Mando su wuce ta kan rufinmu a Unguwar Kanawa har kwanukan kicin su yi ta kaɗawa. Yayarku Rabi, wadda ban taɓa kiran sunanta da bakina ba saboda ita ce ta fari, amma takarda ba ta da kunya, tana wata na takwas a gidan mijinta da cikin wata biyar. Mijin kun san shi, Bala, a lokacin kofur ne, direban motar sulke a rundunarmu. Ban so haɗin ba tun farko. Wanzami ba ya son jarfa, na san abin da matar soja take sha, na gani a fuskar uwarku shekara da shekaru. Amma yaron mai ladabi ne, a bariki ya sara min ya ce Saje, a gida ya durƙusa ya ce Baba, sai na haƙura.

Akwai kuma Kofur Isiyaku, wanda ba ku sani ba sai dai matarsa. Bazamfare ne, dogo, mai wushirya, yana haya a Badarawa da matarsa Hauwa da 'ya'ya uku. Shi ne direban da ya fi kowa iya karatun hanya, don haka kullum motarsa ce a gaba. Ya raɗa mata suna Gwaggo, wai tsohuwa ce mai mita amma ba ta yar da nata. Ba ya zuwa gareji hannu rabbana, ko goro ne sai ya miƙo min.

"Saje, wagga tsohuwa tana tari da sahe," zai ce. "A duba min ita, kar ta kunyata ni gaban yara."

"Kai ne ba ka iya lallashi ba," in ce masa. "Mota da mace duk ɗaya kake musu, sai tsawa."

Sai ya yi ta dariya har ya dafa taya.

Ranar wata Talata Manjo ya tara mu ya ce an ba da umarni, mota takwas za su tafi gabas, ranar Asabar tireloli za su zo ɗauka. Kowace mota sai na sa hannu a takardarta cewa lafiyarta ƙalau. Shida ba su da matsala da ta fi ƙarfina. Biyu kuwa cutarsu ɗaya, famfon da yake tura gas cikin injin ya gaji. Wani ƙarfe ne da bai wuce girman buta ba, amma in ya ƙi, motar nan duk da sulkenta da bindiga mai jigida da ke kanta ta zama akwatin ƙarfe. Ɗaya Gwaggo ce. Ɗayar ta Bala ce, wadda za ta bi bayanta. Na je sito na yi ta masifa, mai sito ya shiga ya fita ya ɗora min kwali ɗaya a kan kanta.

"Ɗaya fa? Mota biyu na ce maka."

"Saje, ko yanka ni za ka yi shi ke nan. Wannan ma ɓoye shi na yi."

Na kai wa Manjo maganar. Mutumin kirki ne, shi ma idonsa ya faɗa don gajiya. Bai ko ɗago daga takardunsa ba.

"Ka san doka, Saje. Sabo na ta gaba ne. Ɗayar ka haɗa mata daga maƙabarta, ai ba yau ka fara ba."

Kwana biyu na yi a maƙabarta. Na yanka mota uku, na baje kayan cikinsu a kan buhu, na zaɓi na zaɓa, na wanke da kananzir, na haɗa famfo guda. Na gwada shi ya tashi tangaram, duk wanda yake wurin ya ce Saje ya sake yi. Amma da na kara sukudireba na ji wani ɗan ƙas-ƙas can ƙasa, siriri, wanda in ba ni ba babu mai jinsa. Na san ma'anarsa. Zai iya shekara, zai iya sati uku. A kwaltar Kaduna zai yi ta tafiya, amma cikin rairayi da zafin gabas, da gas ɗin da ake ɗura musu daga duro, ban ɗaukar masa alkawari ba. Kuma bisa doka wannan shi ne rabon mijin 'yata.

Da yammacin Alhamis na dawo gida na tarar da Rabi ta zo. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa, ido ya kumbura. Ta gaishe ni ta shige ɗaki. Uwarku tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Kuskurena shi ne tun ranar Laraba na yi suɓul da baka na gaya mata zancen famfo, abin da ban saba yi ba.

"Saje, yarinyar nan tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba."

"Sai ta yi haƙuri. Ke ba haka kika yi ba?"

"Na yi. Amma ni ubana manomi ne, ba shi da sifana a hannu."

Na ce mata ta iya bakinta, aikin gwamnati ba tuwon gidanta ba ne da za ta raba yadda ta ga dama. Na ɗaga murya har maƙwabcinmu mai aiki a sakatariya ya yi gyaran murya ta bayan katanga. Ta bar ni na gama, tana ta juya miya.

"Ni ban ce ka yi komai ba," ta ce. "Shekara talatin kana tashin motocin 'ya'yan mutane. Na dai ce wanda yake cikin nan bai ga ubansa ba tukuna."

Kada ku ɗora mata. Na faɗi maganarta ne don ku ji yadda gidan yake a ranar, ba don in raba laifin biyu ba. Mace ce ta ga 'yarta tana kuka. Ni ne na san doka, ni ne na san abin da ƙas-ƙas ɗin nan yake nufi, kuma hannuna ne ya riƙe sifana.

Ranar Juma'a da hantsi na ɗaura sabon famfo a Gwaggo a gaban kowa, na ɗaura haɗin hannuna a motar Bala. Da aka yi kiran farko gareji ya watse, Musulmi suka nufi masallaci, sauran suka tafi cin abinci. Na ce su yi gaba zan biyo su. Na yi alwala ma, wallahi na yi, na sa hula na kai har bakin ƙofa. Sai na tsaya. Ina jin huɗuba ta lasifika tana shigowa, na koma na cire hular na ɗauki akwatin kayan aiki. Aikin da yake cin awa uku na yi shi kafin mutane su gama gaisawa a bakin masallaci su dawo, ban taɓa sauri irin na ranar ba. Na kwance na nan na kai can, na kwance na can na kawo nan. Sabon yana ƙyalli, tsohon ya dafe, don haka na ɗauko gwangwanin koren fenti na shafe su duka biyun suka zama iri ɗaya. Da la'asar na sa hannu a takarda takwas. Tun da na balaga ban taɓa rasa Juma'a ina cikin gari da lafiyata ba sai ranar.

Da na koma gida uwarku ta dube ni sau ɗaya.

"Ban ga ka zo ka sauya riga ba. Ka je masallaci kuwa?"

"Ban samu ba."

Ta juya ta koma bakin murhu. Da ta kawo tuwo na ga nama ya fi na kullum yawa a miyata. Daga ranar har ta koma ga Allah ba mu sake tayar da maganar ba.

Da safiyar Asabar aka hau da motocin kan tireloli aka ɗaure su da sarƙa. Bala ya sara min, bai yarda mun haɗa ido ba, na ɗauka kunyar surukai ce. Isiyaku kuwa ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya cusa min goro fari guda.

"Saje, ga iyali nan Badarawa. In ka bi ta can ka leƙa su."

Na ce in sha Allahu. Muka tsaya muna kallo har suka sha kwanar da za ta kai su Kawo.

Wata biyu muna samun waya jefi-jefi. Na fara gaya wa kaina ai ga shi nan, haɗin ya riƙe, tsorona ne kawai. Har na fara cin abinci da daɗi. A wata na uku, ranar wata Litinin da rana tsaka, Manjo ya aiko a kira ni. Ya ce an yi wa yaranmu kwanton ɓauna a wani mashigin busasshen rafi. Motar gaba ta shiga tsakiyar rairayi injinta ya mutu, aka yi aka yi ya ƙi tashi, kuma a nan aka buɗe musu wuta da roka. Na baya sun samu sun ja da baya. Mutum huɗu ne a cikin ta gaban, babu wanda ya fita.

"Surukinka yana nan lafiya," ya ce. "Na san shi kake son tambaya."

Abin da ya fara zuwa zuciyata a lokacin shi nake jin kunyar rubutawa, amma zan rubuta. Daɗi na ji. Kafin inna lillahi ta zo bakina, daɗi ya riga ta. Manjo ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, mun ba ta sabon famfo, mun yi iya namu, sauran na Allah ne. Motar ta ƙone ƙurmus, a can aka bar ta, babu wanda zai taɓa buɗe ta ya duba.

Na sha zama ina yi wa kaina lauya. Wataƙila ba famfon ba ne. Wataƙila ruwa ne a gas, ko wata waya ta tsinke, ko rairayi ya toshe wani wuri. Injin yana da hanyar mutuwa ɗari. Kuma kwana in ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi, wannan na yi imani da shi. Amma ni makanike ne, kunnena ya ji abin da ya ji. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ita ta shafa fenti ba.

Na je ta'aziyya Badarawa. Gidan haya ne mai ɗaki goma, lungun da ko Keke Napep ba ya shiga, an shimfiɗa tabarmi a bakin kwata. Hauwa ta sa aka shigar da ni har ƙofar ɗakinta, tana bayan labule.

"Baba Saje, kullum sai ya yi zancenka. Allah ya saka maka da alheri."

Na ce amin, don ban san me ake cewa ba. Ƙaramin ɗansa ya fito ya tsaya yana kallona, da wushiryar uban a bakinsa. Tun daga shekarar ne kuka ga ina kai buhun shinkafa Badarawa duk salla, ina biyan kuɗin makarantar yaran, kuna cewa Baba akwai zumunci. Yanzu kun san ko menene.

Na koma gareji na yi wata biyar ina fama. Sai na kara sukudireba in ji komai yana ƙas-ƙas, mai lafiya da marar lafiya. A kawo takarda in riƙe biro in kasa sa hannu, in sa a sake kwance aikin da aka gama. Yara suka fara cewa Saje ya tsufa. Rannan wani sabon makanike ya tambaye ni wace mota za a sa wa sabon batir, na buɗe baki zan karanta masa doka, maganar ta maƙale. Washegari na rubuta takardar barin aiki, na ce baya ne. Saura shekara biyu a ƙara min girma, ban jira ba. Tuni Rabi ta haihu namiji, Bala ya dawo bayan shekara ɗaya da rabi da ƙafafunsa, aka yi walima a wannan tsakar gidan. Na ci shinkafar, na ɗauki jikana, ina son sa har raina. Ba zan yi muku ƙarya in ce da za a mayar da ni ranar Juma'ar nan na tabbata zan tafi masallaci ba. Wannan rashin tabbas ɗin shi ya fi cina.

Bala ya bar soja daga baya, ya samu tuƙi a wata ma'aikata. Kun sha yi masa tsiya cewa ba ya zama in ina wuri, ya gaishe ni a tsaye ya ce ana jiransa. Ni ma na fi son hakan. Shekara goma sha muna haka. Sai bara, bayan sadakar arba'in ta mahaifiyarku, mutane sun watse da hantsi, ina zaune a zaure ni kaɗai, ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya daɗe yana murza hularsa. Furfura ta fito masa a gemu, ban taɓa lura ba.

"Baba, akwai maganar da nake ɗauke da ita. Na ga Inna ta tafi, na ce kada mu ma mu tafi da ita."

Na ce ina ji.

"Ranar da za a ɗora motoci, na buɗe injin ina duba ruwa. Hannuna ya taɓa famfo. Fentin bai bushe ba, Baba. Na goge da yatsa na ga sabon ƙarfe a ƙasa."

Na ji bayana ya riƙe. Na ce masa to me ya hana shi magana?

"A nan tsoro na ji, kada a kama ka. Kuma ina son in dawo, ba zan ɓoye ba. Amma da muka isa can abin ya hana ni sakat. Kwana uku da sauka na ja Isiyaku gefe na gaya masa komai. Na ce ga makanike nan a sansani, mu sa ya mayar da kowanne wurinsa, ba sai kowa ya ji ba."

"Ya sani?" na ce. "Isiyaku ya sani?"

"Ya sani."

"Me ya ce?"

Bala ya sa hular a fuska ya goge ido, sannan ya faɗa min, har da irin karin harshen mutumin.

"Dariya ya yi. Ya ce, kai yaro ne Bala, ba ka gane ba. Naka na kamfani ne, wa ya san wanda ya ƙera shi? Wanga nawa Saje ya zauna kwana biyu ya haɗa shi da hannunai. Ai ni ya yi ma gata. Kar wanda ya taɓa min shi."

Bala ya mayar da hularsa kai. Can ya tashi ya yi min sallama ya fita, na ji tashin motarsa. Ina nan zaune har aka kira azahar ban motsa ba.

Shekara goma sha ina shirya abin da zan faɗa wa Isiyaku ranar da za a tsayar da mu gaban Allah, in ya riƙe min wuya ya ce na cuce shi. Na tanadi amsa iri-iri, na tanadi kuka, na tanadi roƙo. Wannan kam ban tanadar mata komai ba. Da ma zagina ya yi.